Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ofishin Legas, kan kuɗin tirenin da yankan albashin ƙananan ma'aikata

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni Bakano ne, shekarata 31 a Ikko. Na yi 22 daga cikinsu ina aikin akawu a wani sito a Apapa, yanzu kuma ina da ɗan shagon kayan masarufi a Agege, kusa da layin dogo. Da yake ina karanta Turanci, shagon nawa ya koma wurin karatun takardu. Duk yaron Arewa da aka miƙa wa takardar da bai gane kanta ba, wurina yake kawo ta, ko ta asibiti, ko ta mai gidan haya, ko ta kamfani. A 'yan shekarun nan akwai takarda iri ɗaya da ta fi kowace yawan zuwa kan kantata, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Da gangan na rubuta da Hausa, domin waɗanda abin ke ci wa tuwo a ƙwarya su karanta da idonsu, ko a karanta musu su ji. Kwafin Turanci kuwa za mu kawo muku har ofis.

Zan fara da na cikin gidana, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗan ƙanwata ya zo Legas yana acaba. Da gwamnatin jiha ta hana babura a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, daga 1 ga Yunin 2022, sannan ta ƙara wasu huɗu a watan Satumba, sai sana'ar ta koma ɓuya da gudu. Aka kama babur ɗinsa, bai sake ganinsa ba. Ya yi dako a kasuwar Mile 12, ya yi turin baro, daga baya wani ya haɗa shi da wani kamfanin masu gadi. Ranar da aka ɗauke shi murna ta hana shi cin abinci. Albashi naira 60,000 a wata, aikin awa 12, fos ɗinsa a wani rukunin gidaje ta wajen Magodo. Aka ce ya kawo asalin takardar shaidarsa ta sakandare, da hoto, da garanto. Ni ne garanton. Na sa hannu a fom ɗina, mai shafi ɗaya, wanda babu komai a cikinsa sai cewa na san shi kuma na tsaya masa. Tasa takardar kuwa a ofishinsu aka ba shi, shafi uku, yana tsaye a layi da mutum sama da ashirin a bayansa. Aka nuna masa inda zai sa hannu, ya sa, aka karɓe. Bai fito da kwafi ba.

Abin da suka kira tirenin kwana shida ne. Na tambaye shi dalla-dalla me aka koya musu. Faretin safe a wani fili, yadda ake sara wa oga, yadda ake rubuta lambar mota a littafin shiga da fita, yadda ake busa usur, sai wani tsohon soja da ya yi musu magana yini ɗaya a kan wuta da abin kashe ta. Abinci nasu ne, kuɗin mota nasu ne.

Wata rana bayan isha'i ya shigo shago ya ajiye wayarsa a kan kanta bai ce uffan ba. Alat ne na banki: naira 31,500. Na ce masa ina sauran? Ya ce, "Kawu, sun ce yanka ne." Washegari na sa ya roƙi sufabaiza ya rubuta masa lissafin, ya rubuta a bayan wata tsohuwar ambulan, har yanzu tana wurina. Kuɗin tirenin 10,000. Yunifom da takalmi 5,000. Latti sau biyu 6,000, alhali gosulon hanyar ne ya riƙe danfonsu. Barin fos 5,000, wato mintunan da ya koma bayan ɗakin gadi ya yi sallar la'asar. Tocilan da ta lalace 2,500. Jimla 28,500, kusan rabin gumin wata guda, aka zare kafin kuɗin su taɓa hannunsa. Daga abin da ya rage zai ci, ya hau mota, ya aika wa mahaifiyarsa.

Ya daure wata 14 a haka. Ana cikin azumi mahaifinsa ya kwanta ciwo a gida, ya nemi izinin sati biyu, aka ce babu. Ya rubuta takardar ajiye aiki, ni na rubuta masa ita, ya ba da sanarwar sati biyu. A ranar ne ya fara jin abin da ya sa wa hannu: wai tirenin ɗin kwana shida kuɗinsa naira 180,000 ne, wai ya ɗaure kansa zai yi musu aiki shekara biyu, in ya tafi kafin nan zai biya duka. Ya ce ai an riga an cire 140,000 a wata goma sha huɗu. Suka ce wancan daban, wannan daban. Suka riƙe albashinsa na watan ƙarshe, suka riƙe takardar makarantarsa, sannan suka fara kirana a waya, suna cewa in bai biya ba za su turo 'yan sanda shagona.

Da a ce shi kaɗai ne, da na kira abin rashin sa'a na yi shiru. Amma na karanta irin wannan takarda daga hannun masu gadi, da masu shara da goge-goge a manyan ofisoshi, da yaran da ke kai saƙo a babur ɗin kamfani, da direbobi, da masu aiki a masana'antun Ikeja da Ilupeju ta hannun 'yan kwangilar ɗaukar ma'aikata. Kuma ba 'yan Arewa kaɗai ba. Maƙwabciyata Bayarabiya ta kawo mini ta 'yarta da ke aiki a wani gidan abinci, kalmomin kusan iri ɗaya, kamar daga tukunya guda aka kwaso.

Ranku ya daɗe, ba ni zan koya muku Dokar Ƙwadago ba, ku ne masu riƙe da ita. Zan ambaci abin da ke cikinta ne saboda masu karanta wannan wasiƙa a Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, waɗanda galibinsu ba su taɓa jin cewa akwai dokar da ta san da zamansu ba.

Sashe na 5 ya hana mai ɗaukar ma'aikaci cire tara daga albashi, ya ma hana shi ƙulla yarjejeniyar da za ta ba shi damar yin haka. Inda aka buɗe ƙofa shi ne idan ma'aikaci ya jawo wa ubangidansa asara ta hanyar ganganci ko sakaci, kuma ko a nan sai an fara samun amincewar jami'in ƙwadago a rubuce, sannan abin da za a cire ya zama daidai hankali. Jami'in ƙwadagon nan ku ne. Shi ya sa nake tambaya: wane jami'i a ofishinku ya sa hannu aka cire 3,000 a kan kowane latti? Wa ya amince a rubuce cewa sallar la'asar asara ce ta naira 5,000? Na tabbata babu. Sashen dai ya ƙara da cewa duk abin da za a cire a wata ɗaya, a haɗe, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan. A kan 60,000, iyakar ke nan 20,000. An cire 28,500.

Sashe na 7 ya wajabta a bai wa ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Ɗan ƙanwata ya yi wata 14 bai ga kwafin komai ba. Sashe na 11 ya faɗi tsawon sanarwar barin aiki: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, sati ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, sati biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Yaron nan ya ba da ninkin abin da doka ta nema daga gare shi. Ga kuma maganar mafi ƙarancin albashi, wanda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 a kan naira 70,000, Gwamna Sanwo-Olu kuma ya sanar da 85,000 ga ma'aikatan jihar Legas. Dokar ta ɗauke wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, amma kamfanin da ya tara mutum sama da ashirin a layin ɗaukar aiki na yini ɗaya ba ya cikin waɗanda aka ɗauke wa. Albashinsa bai motsa daga 60,000 ba har ya tafi.

Kada a fahimce ni a baibai. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai horon gaskiya da ke cin kuɗin gaskiya. A sitonmu na Apapa na ga an ɗauki yaro ɗan dako an tura shi makaranta ya koyi tuƙa injin ɗaga kaya, aka biya masa, ya fito da takardar da duk tashar jiragen ruwa ta san darajarta. Da hannuna na shigar da rasit ɗin a littafi. Bai cika wata biyu ba wani kamfani ya yi masa ƙarin albashi ya bi su, ko sallama bai yi ba. Abin ya yi wa manajanmu zafi, ni ma ya yi mini, don bayansa sai da aka daɗe ba a sake tura kowa ba. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A cikin yaranmu akwai masu karɓar yunifom su ɓace, akwai masu tafiya gida da damina ba tare da sun gaya wa kowa ba, su bar ƙofar mutane a buɗe. Mai kamfani yana da haƙƙin ya kare kansa daga irin wannan, ban musa ba.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ma, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin duk wata rigimar aiki a sashe na 254C, ba ta haramta irin wannan yarjejeniya ba. Ta saurari shari'o'in matuƙa jiragen sama da kamfanoninsu suka kashe wa maƙudan kuɗi wajen horo, ta kuma nuna cewa alƙawarin zama a yi aiki na wani lokaci yana iya ɗaure mutum, matuƙar da yardarsa ya shiga, kuma tsawon lokacin da yawan kuɗin sun dace da abin da aka kashe a zahiri. To amma ku dubi tazarar. Matuƙin jirgi ya karanta abin da ya sa wa hannu, yana da kwafi, yana da lauya, kamfanin kuma ya kawo takardun abin da ya biya a gaban alƙali, alƙalin ne ya yanke. Ƙwarewar da ya samu tasa ce har abada, duk inda ya je za ta ciyar da shi. Mai gadin da aka koya wa sara wa oga, me ya tafi da shi da zai sayar a wani wuri? Nuna wa sabon ma'aikaci yadda gidanka ke tafiya ɗawainiyarka ce kai mai gida, kamar yadda mai gona ke nuna wa ɗan ƙodago iyakar gonarsa ba tare da ya caje shi kuɗin nuni ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kamfani ke zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma ɗan doka mai ƙwace kaya. Shi ya yanke kuɗin tirenin, shi ya ce an karya alƙawari, shi ya sa hannu a aljihun yaro ya ɗebi abin da ya ga dama, saboda albashin ta hannunsa yake bi. Idan kamfani yana ganin yana bin ma'aikaci bashi, ga kotu nan a Ikoyi, ya je ya kawo rasit. Na san dalilin da ya sa ba sa zuwa. Babu wanda zai iya tsayawa gaban alƙali ya nuna yadda faretin kwana shida ya ci naira 180,000 a kan mutum ɗaya, ballantana ya bayyana yadda bashin da aka biya 140,000 daga cikinsa bai ragu da ko kwabo ba.

Akwai kuma wani abu da na sani tun ina akawu. Tun 1971 gwamnati ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, mai hedikwata a Jos. Kamfanonin da dokar ta hau kansu suna zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansu a shekara, kuma wanda ya horar da ma'aikatansa yadda asusun ya amince yana iya neman a mayar masa da abin da ya kai rabin abin da ya zuba. Ma'ana, ƙasar nan ta daɗe da yanke cewa horar da ma'aikaci nauyin mai ɗaukarsa ne, har ta tanadi hanyar rage masa nauyin. Ya kamata duk kamfanin da ke cire kuɗin horo daga albashin yara a tambaye shi: kana zuba wa asusun? Ka taɓa neman a mayar maka? Idan ya karɓa a can ya kuma yanka a nan, ya ci biyu ke nan a kan abu ɗaya.

Sai maganar takardun makaranta. Wannan ita ce igiyar gaske. Yaron da ya yi shekara shida a sakandare a ƙauye, iyayensa suka sayar da akuya suka biya masa kuɗin jarrabawa, wannan takarda ita ce dukiyarsa kaf. Idan tana cikin durowar wani, ba shi da ikon neman aikin soja ko ɗan sanda, ba shi da ikon komawa makaranta, ba shi da ikon zuwa wani kamfanin da ya fi biya. Zai zauna ne ko yana so ko ba ya so. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana tilasta wa mutum aiki, sashe na 73 na Dokar Ƙwadago ya mai da hakan laifi, Najeriya kuma ta rattaba hannu a yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 29 kan aikin tilas, da mai lamba 95 kan kare albashi, tun shekarar samun 'yanci, 1960. Kakanninmu sun san abin da ake kira jingina, sun san yadda bashi ke mai da ɗa bawa. Mutumin da bashinsa ba ya raguwa komai ya biya, takardarsa tana hannun ubangidansa, kawunsa kuma ana yi masa barazana, ban san sunan da ya fi dacewa da halinsa ba in ba wannan ba.

Barazanar 'yan sandan ma ba ta da tushe. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko bashi kawai, sun kuma hana kama wani a madadin wani. Ni na san wannan, shi ya sa na gaya wa mai kiran nawa ya zo da sammacin kotu, zai same ni a shago. Amma garanto nawa ne suka sani? Na san dattijo mai sayar da goro da ya haɗa kuɗi ya kai da kansa, saboda tsoron kada a ja shi ofishin 'yan sanda a gaban 'ya'yansa. Bai karɓi rasit ba, ba a kuma ba shi takardar yaron ba sai da ya yi sintiri sau huɗu.

Wataƙila za ku ce ƙorafi bai zo teburinku ba. Gaskiya ne, kuma ga dalili. Mai aikin awa 12 kwana shida a sati ba shi da yinin da zai ɓatar a neman ofis, in ya ɓatar ma yanka ne. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota daga Agege zuwa cikin Ikko da dawowa ya zama abin da mutum zai yi lissafi kafin ya taka. Ba ya jin Turancin takarda. Ba shi da kwafin komai, ba a ba shi takardar albashi, shaidarsa kawai alat ɗin waya. Yana tsoron in ya yi magana a kore shi a kori ɗan'uwansa da ya kawo shi. Sannan akwai tarbiyyarmu, wadda ke koya wa yaro ya ce "Allah ya isa" ya kaɗe rigarsa ya tafi. Masu yankan sun san duk wannan, a kansa suka gina lissafinsu. Ko an kama su, tarar da Dokar Ƙwadago ta tanada ga mai karya sashe na 5 kan yankan albashi ba ta wuce naira 800 a karon farko, lissafin shekarun 1970, kuɗin da yau ba zai sayi kwanon shinkafa a bakin titi ba. Wanda ke cire dubu ashirin daga mutum ɗari kowane wata ba zai ji tsoron wannan ba.

Saboda haka roƙona na farko shi ne kada ku jira mu, ku fito. Doka ta ba jami'anku ikon shiga wurin aiki su bincika, ta kuma wajabta wa kamfani ajiye littafin albashi na shekara uku. Ku shiga kamfanonin gadi da na shara da 'yan kwangilar ɗaukar ma'aikata, ku ce a buɗe littafin, ku ɗora shi kusa da alat ɗin da ke wayoyin ma'aikata. Ku buɗe durowa ku ƙirga asalin takardun makaranta nawa ne a ciki. Aikin yini ɗaya zai nuna muku abin da wasiƙa ɗari ba za ta nuna ba. Kamfanonin gadi kuwa suna da wata igiyar a wuyansu: dokar 1986 ta wajabta musu lasisi, hukumar Sibil Difens ce ke sa musu ido. Ku haɗa hannu da ita, duk wanda aka samu yana riƙe takardun mutane ko yana yanka ba bisa ƙa'ida ba, a tuna da shi ranar sabunta lasisi. Wannan zai fi tarar naira 800 tsorata su nesa ba kusa ba.

Ina kuma roƙon ku fitar da sanarwa a rubuce, gajera, wadda za ta raba horon gaskiya da na bogi. Duk kamfanin da zai ɗaure ma'aikaci da kuɗin horo ya rubuta wace makaranta, nawa aka biya, ina rasit, wace takardar shaida ma'aikacin zai fita da ita. Bashin ya riƙa raguwa da kowane watan da aka yi aiki, ta yadda wanda ya yi wata 14 cikin 24 ba za a bi shi kamar wanda ya gudu a sati na farko ba. Wanda kamfani ya kora da kansa, ko wanda ya tafi don an hana shi albashi, kada a bi shi komai. Ma'aikaci ya karɓi kwafinsa a hannu, ya tafi da shi gida ya kwana biyu a karanta masa kafin ya sa hannu. Kuma a fassara sanarwar da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka, a karanta ta a rediyo, don mutanenmu rediyo suke ji.

Ba za mu bar muku aikin ku kaɗai ba. Muna da Sarakunan Hausawa a unguwanni, muna da limamai, muna da shugabannin kasuwa. Ku turo jami'i ɗaya, ko sau ɗaya a wata uku, ya zauna a fadar Sarkin Hausawan Agege ko a harabar wani masallaci bayan Juma'a, mu za mu kawo tafinta da benci da mutane. Gwamnatin Legas tana da Cibiyar Sasanta Jama'a da Ofishin Lauyan Talakawa a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, duk kyauta suke aiki, amma a cikin yaran da ke zuwa shagona ban taɓa samun wanda ya san da su ba kafin na gaya masa. Idan kuka zo tare da su, ƙananan rigingimu da yawa za su mutu a zama ɗaya.

'Yan'uwana da za su karanta wannan, ku ma ina da magana da ku. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ce wanda bashin ke kansa shi ne zai yi shiftar abin da za a rubuta. Ta yaya za ka yi shiftar abin da ba ka ma ji an karanta ba? Kada ka sa hannu a tsaye. Ka ce a ba ka ka kai wa mai karatu, in an hana ka, ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka. Ka ba da kwafin takardar makarantarka, ka riƙe asalin. Kada ka goge alat ko ɗaya. Kai kuma dattijo, kafin ka tsaya wa yaro, ka nemi ganin abin da shi ya sa wa hannu, don kuskuren da na yi ke nan: na karanta tawa takardar ban nemi tasa ba. In kuma horon gaskiya aka yi maka da kuɗin gaskiya, ka cika alƙawari ko ka biya, don guduwarka tana toshe wa na bayanka hanya.

Ranku ya daɗe, mahaifin yaron nan Allah ya yi masa rasuwa bayan ƙaramar salla. Ya samu ya yi jinyarsa na 'yan kwanaki, da kuɗin motar da na ranta masa, don albashinsa na ƙarshe yana hannun kamfani. Yanzu yana gida yana noma gonar uban. An buɗe ɗaukar aiki har sau biyu tun daga lokacin, bai iya nema ba, takardarsa tana Legas a cikin durowa.

Ambulan ɗin da sufabaiza ya yi lissafi a bayanta tana wurina, da hotunan alat na wata goma sha huɗu, da kwafin takardar ajiye aikinsa. Na kuma tattara irinsu na mutum goma sha ɗaya da suka yarda a kai maganarsu. Za mu kawo su ofishinku da kanmu, ni da dattawa biyu daga unguwa, muna roƙon a sa wani jami'i ya karɓe mu, ya buga hatimi a kwafinmu, ya gaya mana ranar da za mu dawo.

Naku,
Wani mai shago a Agege, Legas